Mai amsa kira ya kasa shiga manhaja? Wayarsa za ka fara dubawa

Idan mai amsa kira ya ce min "Malam, ta ƙiya," ba na fara tuhumarsa da manta kalmar sirri. A manhajar cibiyar kira tantancewa biyu ake yi: ta mutum, da ta lambar layin cikin da zai zauna a kai. Ta biyun ce ta fi kawo cikas, don haka da ita nake farawa.

Ɗauki VICIdial, manhajar cibiyar kira da aka ɗora a kan Asterisk, wato manhajar sarrafa kiran waya da Mark Spencer ya fara a 1999. Shafin shigarta yana neman sunan waya da sirrinta, sannan sunan ma'aikaci da nasa sirrin, sai rukunin aikin da zai shiga. Yana shiga, sabar ce za ta kira wayarsa. In wayar ba ta yi rajista ba, ga shi nan zaune gaban allo da abin kunne, amma kira ba zai iso masa ba.

Ga yadda rajistar take. Wayar kan kwamfuta, Zoiper ko MicroSIP, tana aika buƙata ta ka'idar SIP, wadda ake haɗa kira da ita a intanet, galibi ta mashiga 5060. Sabar ta mayar mata da amsa mai lamba 401, wato a kawo shaida, tare da wasu lambobi na wucin gadi. Wayar ta cakuɗa su da kalmar sirri ta aika sakamakon, ita kalmar kanta ba ta fita. In lissafi ya yi daidai, sai 200, wato an karɓa. Saboda haka 401 na farko ba laifi ba ne, kada ka tayar da hankali. In ya yi ta maimaituwa, ko ka ga 403, suna ko sirrin wayar ne ba daidai ba. In 408 ne, saƙon bai samu amsa ba, koma kan intanet da rauta.

A kan sabar rubuta "pjsip show contacts" ka ga ko lambar tana raye. In FreePBX, wata manhajar da ke kan Asterisk, kuke amfani da ita, danna *65 ta karanto maka lambar wayar da kake kai, domin na sha ganin an musanya kujeru an bar saiti. Sai *43, ka yi magana ka ji muryarka ta dawo. In shiru, rajista lafiya lau take, hanyar sauti ce a toshe: kashe saitin SIP ALG a rauta, na'urar da ke raba intanet a ofis, ka tabbata mashigai 10000 zuwa 20000 a buɗe suke.

Mu nan Sakkwato akwai ƙari. Ana ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta rauta ta mutu, ta dawo da sabon adireshi, sabar kuwa tana riƙe da tsohon har wa'adin rajista ya cika, wanda sau da yawa daƙiƙa 3600 ne. Rage shi zuwa 120, ka ɗora rautar a kan batir. A wani ofishi a Mabera wannan kaɗai ya kashe ƙorafin da ake yi kowace rana da azahar.

Ɓangaren mutum ba shi da wuya. Kowa da asusunsa. Na safe da na yamma kada su haɗa suna ɗaya, in ba haka ba ranar da aka zagi abokin ciniki ba za ka san muryar wa za ka nema ba. Wanda ya bar aiki, rufe nasa a ranar.

Kuma don Allah kada lamba 1001 ta zama sirrinta 1001. Ɓarayi suna laluben mashiga 5060 dare da rana, su kwana suna kiran ƙasashen waje da kuɗinku. Sa manhajar tsaro ta Fail2ban ta toshe mai yawan gwada kalmar sirri, amma ka saka adireshin ofis cikin waɗanda aka yarda da su, domin waya ɗaya mai tsohon sirri tana iya jawo a toshe ofishin gaba ɗaya.