Yadda za ka gane halin da ɗan uwanka yake ciki a ɗakin kulawa ta musamman (ICU) bayan aikin zuciya

Duk wanda aka shiga da nasa tiyatar zuciya tambaya ɗaya ce a bakinsa, "Likita, ɗan uwana zai tashi kuwa?" Likita ba zai ce maka eh ko a'a ba, rai a hannun Allah yake, amma akwai abubuwan da suke dubawa su yi hasashe, kuma kai mai jinya in ka san su za ka daina zaman zullumi a baranda kana karanta fuskar nas.

Fara tun kafin a shiga tiyata. Ka tambayi likitan fiɗa ko ya lissafa EuroSCORE II, wani ma'auni ne da aka fitar a 2012 daga bayanan marasa lafiya sama da dubu 22 a ƙasashe 43, ana saka abubuwa 18 kamar shekaru, lafiyar ƙoda da huhu, ciwon suga, ƙarfin bugun zuciya, ko an taɓa yin aikin a baya, ko na gaggawa ne, sai ya ba da kaso. In aka ce maka kashi 3, ana nufin a cikin mutum 100 masu irin yanayinsa kusan 3 ba sa fita asibiti da rai, ba wai an yanke wa naka hukunci ba. A Amurka sun fi amfani da nasu ma'aunin da ake kira STS. Sai dai fa yawancin waɗanda aka gina lissafin a kansu dattawa ne masu toshewar jijiyar zuciya, mu kuwa da yawa daga namu da ake kaiwa Indiya ko aka taɓa kaiwa cibiyar Salam ta Khartoum yara ne da matasa da ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata musu ƙofofin zuciya, kuma sau da yawa an makara kafin a je, don haka lambar tana iya kaucewa.

Toh an fito, awa 24 na farko su ne abin lura. Ka tambaya yaushe za a cire bututun numfashi. In komai ya tafi daidai ana cirewa cikin kamar awa 6, in ya wuce awa 24 a kan na'urar numfashi to sun fara ƙirga shi cikin masu matsala, ka nemi a faɗa maka dalili.

Sai fitsari, wallahi wannan jakar da take rataye a gefen gado tana faɗin gaskiya fiye da yadda mutane suke zato, domin in zuciya ba ta tura jini sosai ƙoda ce take fara nunawa. Ana so a samu aƙalla rabin mililita a kowane kilo na nauyinsa a kowace awa, wato mai kilo 60 ya yi mililita 30 a awa, in ya kasa haka har awa 6 a jere an fara maganar raunin ƙoda ke nan, kuma wanda abin ya kai shi ga wankin ƙoda haɗarinsa yana ƙaruwa sosai. Akwai kuma gwajin jini na laktet mai nuna ko iskar oksijin tana isa jiki, ƙasa da 2 shi ne daidai, yakan ɗan hau bayan aiki ya sauko, wanda ya haura 4 ya ƙi saukowa shi ne abin tsoro. Ka tambayi magungunan ƙarfafa bugun zuciya da hana jini sauka irin su adrenalin da dobutamin, ana rage su ne ko ana ƙarawa? Jinin da yake fita ta bututun ƙirji yana raguwa? Da ya farka ya motsa hannuwa da ƙafafu duka, ya gane mutane?

Kullum da safe likitoci da yawa suna haɗa wannan cikin makin SOFA, gaɓoɓi 6 ake dubawa, huhu, zuciya, ƙoda, hanta, ƙwaƙwalwa da daskarewar jini, kowanne maki 0 zuwa 4, jimla 24, ƙarami ya fi. A Jamus an ƙirƙiro wani ma'aunin mai suna CASUS musamman don waɗanda aka yi wa aikin zuciya. Ni a ganina kar ka damu da sunan ma'aunin, ka tambaya na yau ya fi na jiya ko bai kai ba, mutum yana iya fitowa da maki mai yawa saboda maganin barci da na'ura, washegari ya sauko, wanda nasa yake hawa kwana biyu a jere shi ake zama a yi magana a kansa.

Kar hankalinka ya tashi in an ce bugun zuciyarsa ya rikice a rana ta 2 ko ta 3, yana samun kusan mutum ɗaya cikin uku kuma akasari magani yana daidaita shi, haka ruɗewa da sambatu musamman ga tsofaffi, amma ka sanar da nas da zarar ka gani.

Don Allah ku ware mutum ɗaya a dangi ya riƙa magana da likita, da ɗan littafi yana rubuta amsoshin kullum da kwanan wata, sannan ku tanadi masu ba da jini tun kafin ranar aiki, lambobinsu suna hannunsa.