In allurar dashbod ta fara maka ƙarya kuma an kasa gyarawa

Sau uku ina maida motata wurin waɗanda suka sayar min da ita kan matsala guda. Allurar mai ta nuna rabin tanki yanzu, da na faɗa gargada ta sauka ƙasa kamar ba ko ɗigo, ita ko ta zafi da na kunna fitila sai ta haye sama. Karon farko aka canza fulot, wato abin da ke auna mai a cikin tanki, na biyu aka ce famfon mai ne, na uku wai dashbod ɗin ne gaba ɗaya za a sauya. Nan na tsaya, don na gane canki-canka ake yi da kuɗina. Ashe wayar as ce, wato wadda ke maida wuta ta jikin ƙarfen mota, ta saki a jikin bodi, tsatsa da ƙura sun cinye wurin, wani riwaya, wato mai gyaran wayoyin mota, ya kankare ya ɗaure, shi ke nan.

Don haka kafin ka biya ko sisi, ka lura, allura ɗaya ce ke wasa ko da yawa? In ɗaya ce, yawanci sensa ɗinta ne ko wayarta, ta mai fulot, ta gudu sensan da ke jikin giyabos. In kuwa biyu ko uku suke rawa tare, balle in sai ka kunna fitila ko AC, to a fara da fiyus da wayar as da caji. A sa mita a batir, mota a kashe ya kamata ka ga wajen volt 12.6, tana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Aikin minti biyar ne.

Allurar zafi ce wadda ban yarda a yi wasa da ita ba wallahi, musamman nan Sakkwato da watan Afrilu zafi ke wuce digiri 40, ka ɗauki hanyar Gusau kana cewa ai allurar dama ƙarya take, kafin Talata Mafara ka ƙona gasket. Ka sa a jona na'urar OBD2, soket ɗinta na ƙarƙashin sitiyari, motocin Amurka tun daga 1996 duk suna da shi. Ita za ta faɗa maka zafin da kwamfutar mota ke gani. In ta ce wajen digiri 90 allura kuma tana cikin ja, laifin dashbod ne ko waya. In su biyun sun yarda da juna, malam kashe mota, kuma kar ka buɗe lagireto da zafinsa.

Wani lokacin cikin dashbod ɗin ne, zafin rana da jijjiga kan tsaga dalmar da ke kan bod, wato allon lantarkin da ke ciki, ko ɗan ƙaramin moton da ke juya allura ya mutu, mai gyaran lantarki da ya iya hannunsa zai sake narka dalmar. In dole sai ka sayi dashbod na hannu, wato Beljiyam, lambar da ke bayansa ta zo daidai da taka, kuma ka sani kilomitar da zai nuna ta wata mota ce, wasu motocin ma ba za su tashi ba sai an haɗa shi da makulli a kwamfuta.

Su kuma masu gyaran, matsalar nan ta iya ɓuya da an shiga gareji, sai ka ɗauki bidiyo da waya lokacin da take yi. Ka karɓi rasit mai kwanan wata, ka ce a ba ka tsohon kayan da aka cire, ku yi magana tun farko kan wa zai ɗauki asara in ba a dace ba. In kamfani ne kuma garanti bai ƙare ba suna ta maka yawo da hankali, ka kai ƙorafi hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Kafin a gyara, duk sanda ka cika tanki ka maida tirif mita, mai ƙirga kilomitar tafiya, sifili, da ita za ka riƙa lissafin manka.