Yadda ma'aikacin walwala na cikin gari da na gidan kula da yara za su haɗa kai

Abin da ya fi ɓata aikin nan shi ne na cikin gari ya kawo yaro, ya sa hannu a takarda ya juya abinsa, sai a daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Shi kuma na gidan yana ganin ai shi ke kwana da yaron, to me wani zai gaya masa? Alhali kowa rabin labari ne a hannunsa.

Tun ranar da aka kawo yaro ku zauna ido da ido. Na cikin gari ya zayyana komai, wa ke riƙon yaron, me ya faru, akwai kaka ko gwaggo da za ta iya karɓarsa, wa aka hana zuwa wajensa. Har ƙananan abubuwa, sunan da ake kiransa da shi a gida, maganin da yake sha, ko yana tsoron duhu, don mai aikin dare su ya fi buƙata wallahi.

Fayil ɗaya za ku riƙe, kuma a rubuta wa zai yi me, yaushe. Na gidan ya riƙa rubuta abin da ya gani da idonsa. "Yaron ba ya ji" ba rahoto ba ne. Amma in ka rubuta cewa duk ranar da babansa ya zo ziyara sai ya yi fitsarin kwance kuma ya ƙi cin abinci, toh ka ba abokin aikinka abin da zai je ya bincika a can gida.

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan renon yaran da ba sa hannun iyayensu sun ce a riƙa sake duba zaman yaro na wucin gadi, an fi so aƙalla duk wata uku, sun kuma ce talauci kaɗai bai isa a raba yaro da iyayensa ba. Saboda haka maganar komawa gida tun farko ake fara ta, kuma a mitin ɗin sake duba zaman nasa a tambayi yaron ra'ayinsa daidai shekarunsa.

In kun saɓa, ku yi ta a ofis, kar yaro ko iyayensa su ji wannan ya ce kaza wancan ya ce kaza. In lokacin sallama ya yi a fara da yini ɗaya a gida, sai kwana ɗaya ko biyu, na cikin gari kuma ya ci gaba da leƙawa yana gaya wa na gidan halin da ake ciki.