Babi na 6: Rinin Yadi da Ɓawon Albasa, Karan Dafi da Baba

Darasi na 1: Kayan aiki

Ku tanadi farin yadi na auduga, yadi 1. Alawayyo ko akoko duk sun yi, kuma ana samunsu a Kasuwar Bacci da babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a Kaduna. Kafin ku biya kuɗi, ku roƙi mai shago ya ba ku ɗan ƙyalle. Ku zare zare ɗaya, ku kai shi bakin ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. In zaren ya narke ya dunƙule, yana warin leda, to roba ce, ku bar masa abinsa. Launin itace ba ya kama roba, ko kwana nawa ta yi a tukunya.

Sauran kayan su ne babbar tukunya mai cin lita 10, bokiti 2, rariya, muciya, cokalin cin abinci, gwangwanin madara wanda babu komai a ciki, kanwa, sabulun wanki, bagaruwa, da alam. Alam shi ne farin dutsen nan mai kama da ƙanƙara da ake jefawa a ruwa mai laka don ya kwanta. Tukunya da muciyar da suka shiga rini sun bar aikin girki ke nan. Ku yi musu alama da fenti. Kada tukunyar ta zama mai tsatsa, domin tsatsa tana dusashe launi.

Duk inda aka rubuta "cokali 1", ana nufin cokalin cin abinci a shafe bakinsa, ba a yi masa tozo ba. Inda aka rubuta "awa 1", minti 60 ke nan. Ku duba agogo ko waya, kada ku yi kirdado.

Darasi na 2: Wankin yadi

A nan mafi yawan ɗalibai suke faɗuwa, saboda haka za mu daɗe a nan. Kada ku gaji.

Sabon yadi yana zuwa daga masaƙa da sitaci da maiƙo a jikinsa. Ido ba ya ganinsu, yadin ma sai ya yi ta ƙyalli kamar ba ya bukatar komai. Amma wannan sitacin ya toshe zaren. In kuka tsoma shi a rini haka, launin zai hau kan sitacin ne, ranar wankin farko kuma su tafi tare, a bar ku da zane dabbare-dabbare.

Ku zuba ruwa lita 8 a tukunya. Ku daka kanwa, ku zuba cokali 2. Ku kankare sabulu kamar cokali 1, ku zuba. Ku warware yadin gaba ɗaya kafin ku saka, kada ku jefa shi a ninke. Ku bar shi ya tafasa awa 1, kuna juya shi da muciya duk bayan minti 10. Za ku ga ruwan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar an wanke tsohuwar tabarma. Wannan dattin daga jikin farin yadin nan ya fito. Ku sauke, ku bari ya huce, ku ɗauraye sau 3 da ruwa mai tsabta, ku shanya.

Yanzu sai gwajin ɗigo. Bayan yadin ya bushe sarai, ku tsoma yatsa a ruwa, ku ɗiga ɗigo ɗaya a kansa. In ruwan ya nutse nan take ya bazu, yadin ya wanku. In ɗigon ya tsaya a sama kamar ƙwallon dutsen ado, bai wanku ba. Ku gwada a wuri 3: gefen dama, tsakiya, gefen hagu. Ko wuri ɗaya ne ɗigon ya tsaya, ku mayar da yadin tukunya, sabon ruwa, kanwa cokali 2, awa 1. Akoko yakan bukaci dahuwa sau 2, wannan ba laifinku ba ne, haka yake. Wanda ya maimaita bai yi asara ba, ya koyi hannu.

Mu sake faɗa tare: a dafa awa 1, a ɗauraye sau 3, a shanya, a ɗiga ruwa.

Wasu sukan ce ai sun jiƙa shi da omo sun cuɗa. Jiƙo ba dahuwa ba ne. Ruwan sanyi ba ya narkar da maiƙon auduga. Wasu kuma don tsimin gawayi sukan sauke a minti 20. Gawayin da kuka tsimta bai kai kuɗin yadin da za ku ɓata ba. Haba 'yan'uwa, an faɗa an sake faɗa, amma kowane zango sai an kawo zane mai tabo ana cewa albasar ce ba ta da kyau. Albasa ba ta da laifi. Wanda bai yi gwajin ɗigo ba kada ya buɗe darasi na 3.

Darasi na 3: Bagaruwa da alam

Waɗannan biyun su ke riƙe launi a jikin auduga. Bagaruwa ce farko, alam na biye, kada a juya.

Ku cire 'ya'yan bagaruwa, ku daka ɓawon, irin yadda majema suke yi in za su jeme fata. Ku auni rabin gwangwanin madara, ku zuba a ruwan zafi lita 8, ku bar shi awa 1, ku tace da rariya. Ku jiƙa yadin da ruwa tukuna, sannan ku nutsar da shi ciki ya kwana. Yadin da kuka wanke kuka yi wa gwajin ɗigo ake nufi, ba wani ba. Da safe ku matse. Zai ɗan yi duhu kaɗan, hakan daidai ne.

Ku daka alam, ku narkar da cokali 2 a kofin ruwan zafi har ƙwaya ta ɓace, ku juye a bokiti mai ruwan ɗumi lita 8. Yadin ya sake kwana a nan. Ku danne shi da faranti don kada wani ɓangare ya taso sama, domin inda ya taso zai fito fari-fari. Kada ku ƙara alam don neman launi mai ƙarfi, yawansa yana sa yadi ya yi tauri. Ku ɗauraye sau 1.

Darasi na 4: Ɗauri

Inda aka ɗaure, rini ba ya shiga, nan ne adon yake fitowa. Ku sa ƙaramin dutse ko ƙwayar wake a ƙarƙashin yadin, ku tattaro, ku naɗe wuyansa da zare mai ƙarfi sau 10, ku ƙulle. Wannan zai ba da da'ira. In layi-layi kuke so, ku ninke yadin gaba da baya kamar mafici, ku ɗaure duk bayan faɗin yatsu 4. Ku ja zaren sosai har sai farce ya kasa shiga ƙarƙashinsa. Sakwa-sakwan ɗauri ba ya fitar da komai.

Darasi na 5: Ruwan ɗorawa daga ɓawon albasa

Busasshen ɓawo na waje ake so. Masu sayar da albasa a Kasuwar Kawo zubar da shi suke yi, ku roƙa. Mudu 3 a danne ya isa yadi 1. Ku dafa a ruwa lita 8 na awa 1, ku tace, ku mayar da ruwan tukunya. Ku saka yadin a jiƙe, a ƙaramar wuta, minti 45, kuna juyawa. Kada ya yi ta zaɓaɓɓaka, zafi mai yawa yana mayar da launin ruwan ƙasa. Ku bar shi ya huce a ciki, ku ɗauraye har ruwan ya fito garau, sannan ku kwance ɗaurin. Ku shanya a inuwa. Launin jiƙaƙƙen yadi ya fi na busasshe duhu, kada ku firgita.

In ya fito da tabo, kun san darasin da za ku koma.

Darasi na 6: Ja da toka-toka

Karan dafi, wato jan ɓawon da ke lulluɓe karan wata irin dawa, yana ba da ja. Dami ɗaya cikin hannu, kanwa cokali 1, a dafa awa 1, sauran aikin kamar na albasa. Gangamau yana ba da rawaya mai haske, amma rana tana cinye shi, sabulu kuma yana mayar da shi ja. Zoɓo yana da kyau a tukunya, ba ya zama a zane. In kuna son toka-toka, ku jiƙa tsofaffin ƙusoshi a ruwa da lemon tsami mako 1, ku tsoma yadin da ya sha bagaruwa minti 5, ku ɗauraye da sauri, domin ƙarfe yana cin zare.

Darasi na 7: Baba

Baba, wato tsiron da ake samun shuɗi daga ganyensa, ba ya bukatar alam. Ana daka ganyen, a dunƙula, a busar, a jiƙa a rijiyar rini da ruwan toka har ya ruɓa ya yi kumfa. Yadi yana fitowa kore-kore, iska ce take mayar da shi shuɗi, shi ya sa ake tsomawa ana ɗagawa. Wannan aikin sai an gani da ido. Mai hali ya je marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda take aiki tun 1498.

Aikin gida: kowa ya zo mako mai zuwa da ƙyallensa a wanke, a bushe. Za a ɗiga masa ruwa a gaban aji.