Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Hasashen Ambaliya a Birane

Yanzu duk ɗalibin da ke da kwamfuta zai iya sauke manhaja irin su HEC-RAS ko SWMM kyauta, ya zana taswirar unguwannin da ruwa zai ci, ya shafa musu shuɗi da ja. Taswirar ta yi kyau a ido, amma damina na zuwa sai ruwa ya bi wata hanya daban. Yawanci laifin yana wajen abin da aka ɗura wa manhajar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogaro da tsohon hoton tudu da kwari. Bayanan SRTM, wato awon tudu da kwarin ƙasa da kowa ke saukewa, an ɗauke su ne daga sararin samaniya a shekarar 2000, kuma kowane ɗan murabba'i a cikinsu faɗinsa kusan mita 30 ne. To lambatun da bai wuce taku biyu ba ina zai bayyana? Ballantana kwalbati ko katangar makaranta da ke tare ruwa. Sannan Kanon 2000 ba ita ce ta yau ba. Kududdufai da yawa da ke shanye ruwan cikin gari an cike su da shara an yanka filaye, fadamu sun koma gidaje, tsakar gida da a da turɓaya ce yanzu siminti ne ko intalok. Ruwan da ƙasa ke sha jiya, yau titi yake fitowa. Gyaran shi ne a fita da na'urar awo a auna magudanai da kwalbatoci ɗaya bayan ɗaya, a kuma sabunta taswirar gine-gine da sabon hoton tauraron ɗan adam.

In an je awon ma, a rubuta abin da ido ya gani. Takardar injiniya za ta ce zurfin lambatu mita ɗaya, ka leƙa ka tarar rabinsa yashi ne da ledar fiya-wata da robobin lemo. A gwada lissafin sau biyu: da magudana a buɗe, da kuma a toshe rabi.

Sai batun ruwan sama. Mutane kan ɗauki jimillar yini daga ma'auni ɗaya, sau da yawa na filin jirgi, su shimfiɗa wa gari duka. Milimita 60 da ta zuba cikin awa guda ta sha bamban da wadda ta wuni tana yayyafi. Kuma kowa ya san hadarin Agusta: a sheƙa shi a Kurna, a Hotoro ko ɗigo babu. Abin nema shi ne awon kowace awa, daga wurare da dama.

Akwai masu tsayar da lissafi a iyakar gari, alhali ruwan da ya fi ɓarna daga nesa yake tasowa. Wanda ya mamaye Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024, ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu, daga madatsar Alau ya ɓalle ya biyo kogin Ngadda, kuma garin ya taɓa ganin irin haka a 1994. Yola da Makurɗi da Lokoja kuwa dole su sa ido kan madatsar Lagdo ta Kamaru. A faɗaɗa lissafi ya haɗa duk inda ruwan ke gangarowa, har da yanayin fashewar madatsa.

Kalmar "ambaliyar shekara ɗari" ita ma tana ruɗin jama'a. Ba ta nufin in an yi bana an huta sai jikoki. Ma'anarta kashi 1 cikin ɗari ne a kowace damina, wanda cikin shekara 30 yiwuwar aukuwarta aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 26. Haka hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, da na NIHSA, hukumar da ke sa ido kan koguna da ambaliya: yanki suke nunawa a dunƙule, ba su ce ga layin da ruwa zai shiga ba.

Kafin a miƙa taswira ga hukuma, a jarraba ta da ambaliyar da ta riga ta faru. A nemi mai unguwa ya zaga da ku. Ruwa kan bar zane a jikin bango, dattijo zai nuna maka ya ce "nan ya kawo, daidai ƙugu." A sa tef a auna zanen, a ɗauki hoto, a rubuta wurin da shekarar. In manhaja ta ce idon sawu bango ya ce ƙugu, a koma kan faɗin kwalbatin da ke ƙasan layin, yawanci nan kuskuren yake.