Kurakuran da ake yi wajen kallon finafinan Birtaniya na bayan yaƙi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya kunna fim ɗin laifi na Birtaniya na shekarun 1940 yana jiran irin na Amurka: jami'in bincike mai hula, harbe-harbe, motoci suna bin juna. Idan bai samu ba sai ya ce fim ɗin ya yi sanyi. Maganin wannan shi ne sanin halin da ƙasar take ciki. An gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, amma sayen abinci da katin rabo bai ƙare ba sai 1954. Burodi ma, da ya tsira daga kati duk tsawon yaƙin, an saka shi daga 1946 zuwa 1948. Inda aka yi ƙarancin kaya kuwa, kasuwar bayan fage ke tasowa, kuma 'yan wannan kasuwa su ne mugayen finafinan da ake kira film noir na Birtaniya. A cikin They Made Me a Fugitive na 1947, tsohon matuƙin jirgin saman yaƙi da ya rasa abin yi ya faɗa hannun 'yan fasa-ƙwaurin da ke ɓoye kayansu cikin akwatunan gawa. A The Third Man na 1949, laifin Harry Lime shi ne sayar da allurar fenisilin da aka sirka, yara suna mutuwa a asibiti. Wanda ya riƙe wannan a zuciya zai ga inda tsoron yake.

Na biyu shi ne ɗaukar duhu a matsayin lalacewar hoto. Wani ya ƙara hasken waya har ƙarshe, wani ya nemi kwafin da aka shafa wa launi da kwamfuta, abin da nake ganin ɓarna ce kawai. Robert Krasker, wanda ya ɗauki hoton The Third Man, da gangan ya riƙa karkata kyamara, aka jiƙa titunan Viyana da ruwa da daddare don duwatsun su yi ƙyalli, kuma ya ci kyautar Oscar a kan wannan aiki. Dubi wurin da Orson Welles, wanda ya fito a matsayin Harry Lime, ya fara bayyana. Kyanwa tana shafa jikinta a takalmin wani mutum da ke laɓe a bakin ƙofa, ba a ganin komai sai takalmin, sai wata mata ta kunna fitila a tagar bene, haske ya sauka a fuskarsa na ɗan lokaci. Idan ka riga ka haske allon, ka kashe wurin. A kalla da dare, a kashe fitilar ɗaki, a bar baƙi ya zama baƙi.

A kuma duba shekara da tsawon fim kafin a sauke shi. Kwafin The Third Man da aka nuna a Amurka an yanke masa minti 11. Na Birtaniya mai minti 104 za a nema. Idan Brighton Rock ake nema, na wancan zamani shi ne wanda Richard Attenborough ya fito yana saurayi, ba na 2010 ba. Night and the City kuma na 1950 ne mai titunan Landan, na 1992 a New York aka yi shi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne raba finafinan laifi da finafinan rayuwar talakawa kamar ba su haɗa komai ba, a ce na biyun sai a 1959 suka faɗo daga sama da Room at the Top. Wanda yake da wannan tunani ya nemi It Always Rains on Sunday na Robert Hamer, 1947. A taƙaice labarin fursuna ne da ya tsere ya ɓuya wurin tsohuwar budurwarsa a Bethnal Green, gabashin Landan. Amma mafi yawan fim ɗin a cikin ƙuntataccen gida yake tafiya: Googie Withers a matsayin matar aure tana fama da girkin Lahadi, ga 'ya'yan miji biyu da ba sa jituwa da ita, ga maigida yana wanka a baho a cikin kicin, ita kuma tana satar hanya ta kai wa mutumin da ta ɓoye abinci. Fargabar a kama shi da gajiyar zaman aure duk a ɗaki ɗaya suke. Farautar da aka yi masa a tashar jiragen ƙasa a ƙarshe tana da kyau, amma kicin ɗin nan ne zuciyar fim ɗin, shekara goma sha biyu kafin a ce an fara sabon salo.

Akwai kuma masu zaton Ingila ita ce Landan da fadar sarauta. Finafinan da suka biyo baya sun fita daga Landan suka nufi garuruwan masana'antu. Saturday Night and Sunday Morning na 1960 a Nottingham aka yi shi, Albert Finney yana tsaye gaban injin a masana'antar Raleigh, wadda kekunanta suka daɗe suna yawo a ƙasar Hausa, yana lissafin abin da zai samu ranar Juma'a. Marubucin, Alan Sillitoe, shi kansa ya yi aiki a wannan masana'anta yana ɗan shekara 14. A Taste of Honey na 1961 a Salford yake, Kes na 1969 a yankin Barnsley. Turancin waɗannan garuruwa yana da nauyi a kunne, don haka a kunna rubutun ƙasan allo ba tare da jin kunya ba.

Sai dai kada a wuce gona da iri a ɗauke su tamkar shaidar ido. Cikin daraktocin wannan salo, Lindsay Anderson da Tony Richardson a Oxford suka yi karatu, Karel Reisz a Cambridge, kuma wani lokaci ana jin idon baƙo a hotonsu, musamman idan kyamara ta hau tudu tana hangen hayaƙin gari. Yawancin labaran na samari ne masu fushi, mata kuma su ke biyan bashin wannan fushi, da ciki ko da zaman jira. Shi ya sa nake ba da shawarar a haɗa kowannensu da A Taste of Honey, wanda Shelagh Delaney ta rubuta asalin wasansa tana 'yar shekara 19, inda yarinyar da ta yi ciki da baƙar fata ma'aikacin jirgin ruwa ita ce mai labarin. Haka nan Pool of London na 1951, inda Earl Cameron ɗan Bermuda ya samu babban matsayi a lokacin da baƙar fata ba ya samun irin wannan dama a finafinan ƙasar.

Ga mai farawa, ya fara da The Third Man, ya bi da na Hamer, sannan na Nottingham, kuma ya bar tazarar kwana ɗaya ko biyu tsakaninsu.