Leƙen kifi a tekun Zanzibar: kurakuran da mutanenmu na Damagaram suka fi yi

Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya ta shiga bakin mutanenmu yanzu. Ango da amarya masu hali, ƴan kasuwa, ma'aikatan proje da ake turawa taro Dar es Salaam su ce bari su tsallaka tunda wajen awa 2 ce a jirgin ruwa, wasu kuma daga Yamai ko Kano suke tashi su bi ta Addis Ababa su sauka can. Kuma duk wanda ya je sai an tallata mishi fita a kwale-kwale, a kai shi inda murjani yake a ba shi tabarau da bututun numfashi ya kwanta saman ruwa yana kallon kifaye a ƙasa. Wallahi abu ne mai kyau, ikon Allah ne kake gani da idonka, kuma ba irin nutson nan ba ne da ake goya tukunyar iska a sauka can ƙasa, wannan ko wanda bai taɓa shiga teku ba zai iya. Sai dai mu ƙasarmu ba ta da teku, ruwan da muka sani shi ne na tabki in damina ta yi, shi ya sa akwai kurakuran da sai ka ga namu ne ke yin su.

Babba a cikinsu, wanda nake jin tsoronshi fiye da duk sauran, shi ne jin kunya. Gid, wato mai rakiyar baƙi, zai tsaya a bakin kwale-kwale ya tambaya wa ya iya ruwa wa bai iya ba, sai ka ga mutum ya dubi Turawan da ke zaune, ya dubi matarshi, ya ce ya iya. In ka bincika iyawar tashi ita ce ta yarinta, ya yi wasa a tabkin unguwa ko ya taɓa shiga tabkin Gidimuni inda ƙafarshi ke taɓa ƙasa, shekara ashirin da suka wuce. To a wajen tsibirin Mnemba, can arewa maso gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, inda aka fi kai mutane, daga cikin jirgi ake sauka kai tsaye cikin ruwan da ya fi ƙarfin tsayuwa, kuma tsibirin kanshi ba a yarda baƙo ya hau ba balle ka ce za ka gudu tudu. Na ga wani bawan Allah magidanci, da ganinshi ka san mai rufin asiri ne a gida, aka miƙa mishi jile, rigar nan mai hana nutsewa, ya ture da hannu ya ce a ba yara. Yana sauka igiyar ruwa ta mare shi a fuska, bututun ya cika, ya fisge tabaran ya kama tsanin jirgin da hannu biyu yana tari idonshi jajur, sai da gid ya zo ya tallafe shi. Tun daga nan bai sake sauka ba har aka koma, kuɗinshi sun tafi bai ga ko kifi ɗaya ba, kuma Allah ne ya kiyaye don tsanin na kusa.

Gyaran wannan ba ya cin ko dala. Ka ce ban iya ba, ko ka ce na iya kaɗan amma ban taɓa shiga teku ba. Su sana'arsu ce, kullum suna ɗaukar irinka, akwai wata taya mai igiya da gid ke ja, ka riƙe ta da hannu ka kwanta shi ya yi maka iyon. Jile kuwa ka sa shi ko ka iya ruwa, ka ɗaure maɗauran duka har wanda ke bi ta tsakanin ƙafafu in yana da shi, don jilen da ya yi maka yawa yana shiga ruwa zai hau sama ya tokare maka haɓa. Alhaji dan Allah, Hajiya dan Allah, ba wanda ke kallonku a can, kowa kanshi na cikin ruwa.

Sai zaɓen wanda zai kai ka. A bakin teku a Nungwi da Kendwa da cikin tsohon gari akwai samarin da ke bin baƙi suna talla, mutanen can na ce musu papasi, wasunsu mutanen kirki ne masu neman halak, amma mu halinmu na ciniki sai ya ja mu wajen wanda ya fi araha, mu yi ta murna mun rage kuɗi ba mu tambayi komai ba. Kafin ka biya ka tambaya ko gid zai shiga ruwan tare da ku ko a jirgi zai zauna, mutum nawa za a ɗauka, akwai jile daidai kowa har da na yara, sannan kuɗin shiga wurin da gwamnati ta keɓe yana ciki ko sai an je a ce ka ƙaro. Kuma ka tuna can Swahili da Ingilishi ake yi, in Faransanci kake ji ka nemi gid mai jin shi tun daga otel, ana samu. Bayanin minti biyar ɗin da ake yi kafin a sauka shi ne ranka, kar ka zauna kana gyaɗa kai alhali ba ka gane ba.

Tabarau. Yawanci mutum ya karɓa ya zura kawai sai a ruwa ya ga yana yoyo, shi kuma sai ya ƙara matse robar bayan kai, to matsewar ce ma ke lanƙwasa bakin ta ƙara yoyon, ga ciwon kai. Gwajin yana da sauƙi, ka ɗora shi a fuska ba tare da ka sa robar ba, ka ja iska ta hanci kaɗan ka saki hannu, in ya manne ya zauna to naka ne in ya faɗo ka ce a canza. Masu gashin baki ku ne kuka fi shan wannan wahalar saboda ruwa ta cikin gashin yake bi, a rage shi ta ƙarƙashin hanci kafin ranar. Mata kuma a lura kar bakin ɗankwali ko hular kai ya shiga ƙarƙashin robar, zare ɗaya ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. In gilashin na yin hazo, kafin ya jiƙe ka sa ɗan yawu a ciki ka murza da yatsa ka ɗauraye sama-sama, kar ka ji ƙyama naka ne, ko ka tambayi gid suna da wani ruwan sabulu da suke ɗigawa.

Numfashin ne inda mutane suka fi rikicewa, kuma ba laifinsu ba ne, tun da aka haife ka da hanci kake shaƙa yau an rufe hancin an ce ka koma baki. Kuskuren shi ne mutum ya bari sai a tsakiyar teku zai fara gwadawa. Ka roƙi kayan tun ana gobe, ko ka ce gid ya fara da ku a inda ruwa ke iya ƙugu, ka sunkuya ka sa fuska ka yi ta ja kana saki a hankali har ka ji zuciyarka ta kwanta. Ruwa zai shiga bututun, wannan dole ne, in ya shiga kar ka zuƙa da ƙarfi, ka hura da ƙarfi sau ɗaya ya fita ta sama sannan numfashin da ke biye ka ja shi sannu-sannu. In abin ya ƙi sai ka juya rigingine, jile na riƙe da kai, ka cire bututun ka huta. Ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35 a kowace lita, kurɓa ɗaya za ta ƙona maka maƙogwaro ta sa ka tari amma ba ta kisa, firgitar da ke biyo bayanta ce ke jawo matsala.

Wani abin kuma, sabon shiga yana son ya tsaya a miƙe cikin ruwa yana tuƙa ƙafa yana ɗaga kai duk bayan daƙiƙa biyu ya ga ina jirgi, minti goma ya gaji liƙis. Ka kwanta rub da ciki kamar kana kan tabarma, hannu a sake, ƙafa na kaɗawa a hankali daga cinya, ruwan gishiri da kanshi yake ɗaga mutum. Samari kuma masu son burgewa, waɗanda ke jan numfashi da sauri-sauri sau da yawa wai don su daɗe a ƙasa, ku bari. Yin haka yana kashe alamar da jiki ke ba ka cewa iska ta ƙare, mutum sai ya suma a cikin ruwa ba ihu ba motsi, kuma gwanaye ma ya kashe su.

Maganar sutura ta dame ni sosai musamman ta iyayenmu mata da ƙannenmu. Zanzibar garin Musulmi ne, za ki ji kiran salla ko'ina, ba mai ce miki ki tuɓe mutuncinki. Amma dogon hijabi da zane da abaya in suka sha ruwa nauyi suke, su nannaɗe ƙafa, hijabin ya taso ya rufe bakin bututun. A nemi kayan iyo na mata masu rufe jiki duka, riga mai dogon hannu da wando da hular da ke kama kai, a saya tun kafin tafiya, in an rasa to wandon motsa jiki da riga mara nauyi wadda ba ta da faɗi. Maza ma kar a shiga da jin ko wandon shadda, akwai gajeren wando mai wuce gwiwa. Sannan wannan maganar da muke yi cewa mu da muka saba da ranar watan Afrilu a Damagaram wace rana ce za ta ba mu tsoro, a bar ta. A gida kana cikin babbar riga da hula kana bin inuwa, can kuwa bayanka da ƙeyarka da sha-raɓarka a buɗe suke awa guda ko biyu, ruwa na sanyaya ka ba ka jin komai sai dare fata ta ɗau raɗaɗi. Baƙar fata ma tana ƙonewa. Riga mai dogon hannu ta fi man shafawa, kuma ka sha ruwa sosai kafin da bayan.

Kar ka cika ciki da abinci mai maiƙo kafin ka hau jirgi, kar kuma ka fita da yunwa, shayi da ɗan burodi ya isa. Wanda ya san ko a kar ɗin Yamai yana amai ya je farmasi ya nemi maganin jiri ya sha kamar awa ɗaya kafin a tashi, in jirin ya zo ya dubi nesa inda ruwa ya haɗu da sama ya bar kallon waya. Mai tansiyo, mai ciwon zuciya, mai asma, mai farfaɗiya, mai suga, mace mai ciki, a ga likita tun a gida kuma a gaya wa gid, nan ma kunya ce ke sa a ɓoye. Da azumi a baki ni dai ban ba ka shawarar fita ba.

To in an sauka an ga kyan wurin sai hannu ya fara ƙaiƙayi. Murjanin nan da kake gani kamar dutse halitta ce mai rai, wani irin ma santimita ɗaya ko biyu yake ƙaruwa a shekara, ka taka shi da takalmin iyo ka karya abin da ya girme ka, shi kuma ya yanke ka yankan da ke saurin ruruwa. Akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke zama a tsakanin duwatsu, ita ta fi kama baƙi a ƙafa musamman a gabashin tsibirin wajen Paje da Jambiani in ruwa ya janye mutane suka shiga yawo ba takalmi, ƙayar karyewa take a cikin nama. In ta same ka ka jiƙa wurin a ruwan zafi daidai yadda za ka iya jurewa sannan ka je asibiti, kar ka sa allura kana tono. Akwai kifi mai dafi da ke kwanciya ya saje da dutse. Kar a ɗauko katantanwa a ce tsaraba ce, wasu na harbi, kar a jefa wa kifi burodi, kunkuru ko dolfin in sun zo a bar su su wuce, ko da direban jirgi ya ce ku yi tsalle ku bi su.

Waya ma ta zama fitina. Mutum na son bidiyon da zai sa a status, ya bi kifi ɗaya kanshi a ƙasa, ruwa kuwa yana tafiya da shi bai sani ba, ya ɗago ya ga jirage goma duk iri ɗaya bai san nashi ba, ga injina na wucewa. Ka riƙe sunan jirginku da kalarshi tun kafin ka sauka, ku zama biyu-biyu kowa na lura da ɗan uwanshi, ka riƙa ɗagowa jefi-jefi ka ga ina gid. In ka ji ruwa na jan ka kar ka yi kokawa da shi gaba da gaba, ka kwanta kan jile ka ɗaga hannu ɗaya kana kaɗawa, alamar neman taimako kenan, shi ya sa ba a kaɗa hannu don gaisuwa a can. In lafiya kake hannu ake ɗorawa a tsakar kai.

Lokacin zuwa ma a duba, daga Maris zuwa Mayu manyan ruwan sama ake yi teku ta gurɓace, wajen Yuni zuwa Satumba kuma iskar kudu na kaɗawa da ƙarfi wasu ranakun, fitar safe ta fi kwanciya. In gid ya ce yau ba fita kar ka matsa mishi don biyen komawarka gobe ne. Tun watan Oktoba 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi asirans ɗinsu ta dole, dala 44 ta Amurka, ka ajiye hoton takardar a waya tare da karnen rigakafin shawara. In bayan an dawo otel ka ji tari ya ƙi tsayawa, ƙirji ya yi nauyi ko numfashi na yi maka wuya, musamman in ka shaƙi ruwa, kar ka kwanta ka ce zuwa safe, ka sa a kai ka asibiti a daren da takardar a hannunka.